Harafi Ɗaya, Yatsu Biyu

Asabar, da yamma

Na wanke tsakar gida. Jini yana fita daga siminti in an sa sabulu da buroshi. Baƙin mai ne ba ya fita.

Yaya yana asibiti. Yatsu biyu na hannun dama, manuni da na tsakiya. Ɗaya an tsince shi a ƙarƙashin mota, Dogo, abokin mijina, ya naɗe shi a hankici ya bi su da gudu kamar sun manta makulli. Ɗayan, fanka ta rarraba shi yadda ba mai iya tattarawa.

Bari in rubuta yadda aka yi tun kaina bai fara gyara labarin ba. Gyaran rubutun mutane ne aikina a maɗaba'a, na san yadda magana take canza riga in ta kwana.

Kowace Asabar 'yan ƙungiya suna taruwa a gidanmu. Manyan mutane ne masu iyali, akwai ma'aikacin banki, akwai mai kantin magani, akwai malamin makaranta, amma da sun ga tsohuwar mota sai hankali ya yi musu sallama. Mijina ne shugabansu, shi ya sa kowa yake ce masa Shugaba, har ni. Yayana ne ya koya wa yawancinsu riƙe sifana. Shi ne kuma ya fara kawo Shugaba gidan iyayenmu, Allah ya yafe masa.

An daɗe ana gardama a kan fankar da ke sanyaya inji. Yadda aka ƙera motar, akwai wani ɗan ƙarfe a jikin inji, sansa suke ce masa, shi yake jin zafi ya tayar da fanka da kansa. Shugaba ya ce ɗan ƙarfe ba zai yanke masa hukunci a motarsa ba. Ya cire wayar, ya ja wata daga batir zuwa wani jan makunni kusa da sitiyari. Yanzu fanka ba ta tashi sai ya danna. In ya danna kuwa tana tashi, ko da inji a kashe yake.

Yau Yaya ya sunkuya cikin inji yana laluben wayar, ya ce tana gogar ƙarfe. Shugaba yana zaune a kujerar direba. Murfin inji a ɗage, ba sa ganin juna. Yaya ya ɗaga murya ya faɗi kalma biyu. Fanka ta tashi.

Shugaba ya ce "ba ta" ya ji, wato ba ta wuta. Dogo ya ce shi kamar "bar ta" ya ji, amma ba zai rantse ba, don ana tayar da wata mota a lokacin. Sauran duk kunnuwansu sun tafi hutu.

Ni ina tagar kicin, dab da inda Yaya ya sunkuya. Ba wanda ya tambaye ni tukuna.

Lahadi, da hantsi

Sun naɗe masa hannu ya zama kamar damin auduga. Da ya gan ni ya ɗaga shi.

"'Yar Inna, kin ga an rage min aikin yankan farce."

Na yi dariya don ya ji daɗi. Dariyar ta ja min muƙamuƙi, sai na daina.

Ya dubi gefen fuskata, inda ya duba ranar Juma'a da ya shigo ba sanarwa. Ranar juyawa kawai ya yi. Ya fita ya sami Shugaba a bakin ƙofa, suka daɗe. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga Yaya yana dungurin ƙirjin Shugaba da yatsa. Manuni. Na hannun dama.

Auta yana jingine da bango, ya ƙi zama. Ƙaninmu ne, mai walda, damtsensa ya fi cinyata. Ya taɓa karya wa wani haƙarƙari a kan abin da bai kai wannan ba, alƙali ya ce in ya sake ganinsa a gabansa, a kurkuku furfura za ta same shi. Matarsa tana da tsohon ciki.

"Yaya, me ka ce masa?"

"Na manta."

"Mutum ba ya manta abin da ya faɗa kafin a datse masa hannu."

"Kai aka datse wa? Na ce na manta."

Sai Auta ya juyo kaina. "Anti, ke kina ina?"

"Ina wanke-wanke. Famfo a buɗe, ban ji komai ba."

Famfonmu ya kwana biyu ba ruwa. Na gode Allah Auta ba ya leƙa kicin ɗin mutane.

Litinin, bayan tashi daga aiki

Yau na kama inda aka buga "kisa" a maimakon "kusa" a littafin yara. Manaja ya ce idona ya fi na'ura. Don wannan nake zuwa aiki, in gano harafin da ya faɗi a hanya.

Sautukan magana na karanta a jami'a. Inna tana ta tambaya me karatun zai amfane ni da shi. Da tana raye da na ce mata ga ranarsa ta zo.

Harafin "ra" a bakin Yaya ba ya ɓuya. Tun muna yara yake kaɗa shi kamar babur mai fasasshen salansa.

In na faɗi abin da na ji, Auta zai kashe mutum, jaririnsa ya tashi yana kai masa abinci ta tsakanin ƙarafa. In na yi shiru, an gama, kowa ya koma gidansa. Har ni.

Laraba, da safe

Shugaba ya ce yau shi zai kai ni aiki. Bai taɓa yi ba. Maƙwabta suna waje, ya buɗe min ƙofa har da sunkuyawa.

A hanya ya ƙwanƙwasa gilashin gaban sitiyari da farce.

"Malama mai digiri, dubi allurar zafi. Kin ga ta motsa?"

Ba ta motsa ba. Ba za ta motsa ba. Tun da ya karɓi aikin sansa yake mantawa da makunni, allura ta riƙa hayewa ja, 'yan ƙungiya suka sa masa suna Mai Shayi, wai motarsa tana dafa ruwa. Wani mutumin da sai ya mayar da sansa. Shi sai ya kwance bayan agogon, ya liƙa wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zane a jikin wayar. Yanzu allura tana zuwa tsakiya ta tsaya, ko ruwa yana tafasa ko ba ya yi.

Ina jin warin zafi yana shigowa ta ƙarƙashin kujera, ƙafata tana gasuwa. Shi yana fito, yana ɗaga wa masu gadi hannu.

"Lafiya lau take," ya ce.

Na ce, "Lafiya lau."

Alhamis, da azahar

Auta ya zo ba na nan. Ya tarar da motar a waje. Fitilun gaba, gilashin gaba, madubai biyu, duk ya farfasa. Mai kantin da ke kallonmu ta ce bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, ya yi aikinsa a natse kamar an ba shi kwangila, ya goge gudumarsa a wando ya tafi.

Shugaba yana banɗaki lokacin. Ya daɗe a ciki.

Juma'a

Lafiya lau. Allura tana tsakiya.

Asabar ta biyu, da yamma

Na ɗauka ba za su zo ba. Sun zo, har da lemo.

Yanzu ƙungiya ta rabu biyu. Akwai 'yan dairek, masu cewa namiji shi yake kunna fankarsa da hannunsa. Akwai 'yan sansa, masu cewa wanda ya ƙera mota ba mahaukaci ba ne. Ba wanda ya ambaci yatsu. Waya suke ta ambata, ja da baƙa, wace ta fi kauri, ina ya kamata a sa fis. Amma duk wanda ya ce "sansa" Shugaba yake kallo, duk wanda ya ce "dairek" Dogo yake kallo.

Mai kantin magani ne ya fara. "Dogo, kai da kunnenka yake can sama kusa da tsuntsaye, yaushe ka fara jin maganar mutanen ƙasa?"

"Na dai ji abin da na ji."

"Ka ce ba za ka rantse ba."

"Na kwana ina tunani. Yanzu zan rantse."

Ban ga wanda ya jefo sifana ba. Na ga ta sami Dogo a baki, na ga ya tofar da haƙori a tafin hannunsa ya tsaya yana dubansa. Daga nan aka kaure. Malamin makaranta ya rufe ma'aikacin banki da murfin taya. Wani ya faɗa kan batir, ruwansa ya ci masa wando. An fasa kwalabe. Mai kantin magani ya tafi da goshi a tsage, aƙalla shi ba zai sha wahalar neman filasta ba.

Shugaba bai taɓa kowa ba. Yana tsakiya, hannu a sama, yana cewa, "Haba 'yan uwa, haba 'yan uwa." Bai taɓa dukan kowa a gaban mutane ba. Wannan shaidar zan ba shi ko a ina.

Na sake wanke tsakar gida.

Lahadi, bayan cin abincin rana

Dogo yana fita jiya ya nuna tagar kicin da bakinsa mai jini ya ce, "Ku tambayi Malama, tana nan tsaye."

Yau Shugaba ya tambaye ni. Na ce famfo. Ya ce famfon ba ruwa ranar. Shi yana shiga kicin.

Litinin

Na aika wa Manaja cewa mura nake yi.

Talata

Mura.

Laraba, da hantsi

Baba Lagireto ya zo. Tsoho ne da ya ƙare rayuwarsa yana toshe yoyon lagireton motoci, shi kaɗai ne 'yan ƙungiya suke rage murya in ya shigo. Na tarbe shi da baƙin tabarau a cikin falo. Ya dubi tabarau, ya dubi labulen da ke sauke, ya ce hasken zamanin nan ba shi da kyau ga ido.

Zai tara kowa a garejinsa ranar Asabar. Kowa ya faɗi abin da ya ji, a binne maganar.

"'Yata, ba dole. Amma in ba ki zo ba, ƙaninki zai ce shirunki amsa ce. Jiya na wuce shagonsa, ban ga ƙofa ko taga da yake haɗawa ba. Yana dai wasa wani abu."

Na ce zan zo. Na ba shi ruwa. Ya riƙe kofin ya ce, "Mota in tana zafi, gara ta nuna. Wadda ba ta nunawa ita take kashe inji." Na ce ni ban san mota ba, Baba. Ya ce shi ma mota yake nufi.

Alhamis, da yamma

Matar Auta ta sauka. Mace. Na je da tabarau, kowa ya ce na yi kyau kamar 'yar fim.

Auta ya riƙe ta a tafin hannu ɗaya. Ban taɓa ganin ya riƙe wani abu a hankali haka ba.

Yaya ya ja ni baranda.

"Ranar Asabar zan ce 'ba ta' na ce."

"Kai da ka koya musu a cire kan batir kafin a sa hannu? Za su ce tsufa ya kama ka."

"Su ce. Kin ga abin da yake riƙe da shi a ciki."

"Na gani. Ni fa?"

Ya kai hannu zai sosa gemu, ya tuna, ya sauke.

"Ki ƙara haƙuri kaɗan. In na warke zan zo in ɗauke ki da kaina."

"Da wane hannun?"

Bai kamata in faɗa ba. Ya karɓa, yadda yake karɓar komai tun rasuwar Inna. Na fi son a ce ya mare ni. A'a, ƙarya nake yi. Wannan kam na ƙoshi.

Juma'a, kafin magariba

Yau an yi min darasin furuci. Shugaba ya zaunar da ni a bakin gado, ya riƙe min haɓa, babban yatsa a nan, sauran a can, daidai inda bai gama warkewa ba.

"Ce 'ba ta'."

"Ba ta."

"Ban ji ba, Malama. Ke da kika yi digiri a kai. Buɗe baki."

Mun yi ta yi har ya gamsu. Ɗalibar kirki ce ni.

Da ya sake ni yana cikin nishaɗi. Labari ya iso masa cewa Yaya zai wanke shi. Ya tsaya gaban madubi yana gyara wuyan riga.

"Yayanki da bakinsa. Daga gobe ba wanda zai sake nuna min yatsa a gidan nan." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Yatsa! Kin ji? Da wanne zai nuna?"

Na duba fuskarsa a madubi ko zan ga wani abu. Allura tana tsakiya.

Litinin, da hantsi, gidan Yaya

Da hannun hagu nake rubutu, kowane harafi yana tafiya kamar ya sha wani abu. Manaja da ya gani da ya kore ni.

Ranar Asabar Baba ya share garejinsa tas. Ya kulle sifanu da guduma a akwati ya zauna a kai. A bakin ƙofa ya laluba Auta, ya zaro abin da aka wasa daga bayan wandonsa, ya jefa a rijiyar wanke mota. Abu ɗaya ya manta, hannun jak na ɗaga mota da ya tokare ƙofa da shi.

Aka jera benci. Na wuce inda Shugaba ya share min, na zauna kusa da Auta, na damƙe gefen rigarsa na naɗe a hannuna. Ya dube ni. Na ce sanyi nake ji.

Dogo ya rantse, da iska tana fita ta gurbin haƙorinsa. Sauran suka ce hayaniya ta yi yawa. Sai Yaya ya miƙe, idonsa a ƙasa.

"'Ba ta' na ce. Na ɗauka na janye hannuna. Laifina ne."

Ka ji numfashi yana sauka a ɗakin kamar an sace tayoyi. Ma'aikacin banki har da tafi. Na ji jikin Auta ya saki a gefena. Shugaba ya taso da hannuwa a buɗe ya rungume Yaya, sannan ya kama hannun mai bandeji da hannu biyu, ya girgiza shi, ya matsa. Na ga gumi ya tsatso wa Yaya a goshi. Na ga ja yana fitowa ta cikin farin.

"Ba komai, surukina, na yafe. Gaba dai a riƙa kula da inda ake sa yatsa."

Baba ya ce, "Saura Malama, don a cika." Ya faɗa ne kawai, har ya fara tashi daga kan akwati.

Na cire tabarau. Ban shirya cirewa ba, na ga dai ba na ganin bakin kowa sosai.

Na ce, "'Bar ta' ya ce. Da ra. Ya ja shi har sai da na ji a haƙorina. Ba famfo, ba hayaniya. Kuma tagar direba a sauke take."

Rigar Auta ta bar min guntunta a hannu.

Na san ba Shugaba zai fara nufa ba, ƙofa zai nufa, don na ga inda idonsa ya sauka tun muna shigowa. Wannan ne ya ba ni taku biyu. Shugaba ya ja da baya ya faɗa kan tarin tayoyi, ya rufe kansa da hannuwa yana kiran Baba. Ni na isa gaban Shugaba na juya. Auta ya riga ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu, ya riga ya sako shi. Na ga lokacin da ya gane ni. Ya yi ƙoƙarin karkatarwa, shi ya sa kaina yake nan.

Ƙarar kamar an taka busasshen reshe. Zafin bai zo nan da nan ba. Na tsaya ina kallon hannuna ya lanƙwashe a inda ba gwiwa.

Ƙarfen ya faɗi. Auta ya zube a ƙasa cikin baƙin mai, ƙato guda, yana cewa, "Anti, Anti, Anti," kamar ranar da ya ɓata a kasuwa yana ƙarami. Na ce masa, "To ka daki mutum, hankalinka ya kwanta? Tashi ka kai ni asibiti." Ya tashi. Ya ɗauke ni kamar jaririyarsa, ya wuce ta gaban Shugaba bai ko dube shi ba.

Abin da ya biyo baya Yaya ne ya ba ni labari. 'Yan dairek da 'yan sansa sun sami abin da suka yarda a kai, suka rufe Shugaba da duka. Baba ya bar su kaɗan kafin ya raba. Dogo ya ce yanzu shi da Shugaba sun yi kunnen doki a haƙori. Shugaba ya fita ta ƙofar baya da takalmi ɗaya. Ba zai kai ƙara ba, mutum goma sun ji abin da na faɗa, sun kuma ga abin da ke ƙarƙashin tabarau. Kayana Yaya ya aika an kwaso jiya.

Auta yana gidansa. Ya zo da safe da 'yarsa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ya gama ɗaga wa mutum ƙarfe har abada. Za mu gani. Yau dai a gida ya kwana.

A asibiti wata nas mai furfura ce ta karɓe ni. Ta san ni. Ta sha ɗinke ni. A baya na gaya mata ƙofa, na gaya mata santsin banɗaki, na gaya mata murfin kabad, duk ta rubuta ba ta ɗaga kai ba. Wannan karon ta duba karayar ta ce, "Wa ya yi miki?"

Na ce, "Ƙanena ne. Kuskure ne, ba ni ya nufa ba."

Ta ajiye biro. Ta ja labule, ta zauna a bakin gadon, ta kama hannuna mai lafiya.

"'Yata," ta ce, "yau kam ki daina kare shi. Faɗa min gaskiya."